Madarar da ke Hana Ruwa: Abin da ke Cikin Bokitin Fenti daga Sabon Gari zuwa Samaru

A Samaru bangon gabas ne ke fara tona asirin mai fenti. Daga can hadari ke tasowa, iska ta koro ruwan a karkace ya riƙa dukan bango kamar ana watsa tsakuwa, tun daga ruwan farko na watan Mayu har zuwa markar Agusta. Shekarar da muka yi wa gidanmu na Hayin Dogo kwaskwarima saboda bikin ƙanwata, a watan Maris aka shafa fentin, ruwan ƙwai mai haske, har maƙwabta na tsayawa suna yaba shi. Kafin a ci masarar fari bangon ya soma kumbura wuri-wuri kamar wanda ruwan zafi ya ƙona. Na sa farce na taɓa ƙurji ɗaya, sai ruwa ya tsarto, fatar fentin ta biyo yatsana kamar ɓawon dafaffen dankali. Inda bai kumbura ba kuwa, in ka shafa tafin hannu sai ya fito fari fat da gari. Mahaifiyarmu ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta ce a gidan da ta tashi a cikin birni da makuba ake yaɓe, kuma ba ta taɓa ganin bango ya yi saɓa irin ta maciji ba.

Wannan maganar ce ta sa ni bin diddigin abin da ke cikin bokiti. Abin da na tarar shi ne, duk rigimar fenti da ruwa a kan abu guda take, wani farin ruwa mai kama da madara wanda mai saye ba ya taɓa gani da idonsa. Masu sana'ar suna ce masa PVA ko akirilik, malaman kimiyya suna ce masa imalshan na polima. Shi ne manne da ke riƙe launi a jikin bango, shi ne ke tare ruwa, shi ne kuma mafi cin kuɗi a haɗin bayan farin titaniyam. Don haka in aka tashi rage tsada, a kansa ake fara sauka.

Cikin durom a Sabon Gari

Sabon Gari gari ne na masu sana'a tun lokacin da layin dogo ya iso Zariya a 1911, kuma har yau in kana neman kayan gini, daga ƙusa zuwa kwanon rufi, can za a tura ka. Bayan fentin manyan kamfanonin Legas irin su Berger da CAP mai Dulux, akwai na ƙananan masu haɗawa, matasa da yawa daga cikinsu sun koyi aikin ne a horon sana'o'in hannu ko wajen wani ogansu. Ba na raina su ko kaɗan. Su ne suka sa talaka ma yake iya yi wa ɗakin amarya fenti. Amma ya kamata mai saye ya san yadda aikin yake.

Durom ne na roba, a tsaga masa baki, a zuba ruwa. A jefa ɗan Calgon don ya warwatsa gari kada ya dunƙule. Sai titaniyam, farin da ke rufe bango, sai buhunan kalsiyam, wato niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, wanda shi ne ke cika bokiti ya ba shi nauyi. Ana ta juyawa, wani da injin mai farfela, wani da muciyar katako har gumi ya jiƙe masa riga. Daga nan a kawo Natrosol, wani gari mara nauyi, a ɗiga amoniya mai hawa kai, nan take ruwan da ke tsululu ya yi kauri kamar kunun tsamiya. Sai a zuba madarar, a bi da maganin kumfa da fomalin don kada haɗin ya ruɓe ya yi wari. Fomalin ɗin nan, in faɗa a gurguje, guba ne ga huhu da ido, kuma sau da yawa yaran shago ba safar hannu ba abin rufe hanci suke zuba shi.

Ga inda ake yaudarar kai. Mai saye ya zo, a buɗe masa bokiti mai lita 20, ya tsoma kara ya ɗaga. In fentin ya kama karan yana zuba a hankali, sai ya gyaɗa kai ya ce wannan mai kyau ne. Alhali kaurin nan aikin Natrosol ne, shi kuwa Natrosol ruwa yake so, a ruwa ma yake narkewa. Ana iya haɗa fenti mai kauri kamar talge wanda madarar cikinsa ba ta kai ta riƙe rabin garin da aka zuba ba. Ranar da aka shafa zai rufe bango ya yi kyau, ya ma fi mai madara sosai rufewa, saboda ƙananan ramukan iskar da ke tsakanin garin suna ƙara masa haske. Waɗannan ramukan ne kuma ƙofar ruwa. Malamai suna da ma'auni a kan wannan: akwai iyakar garin da madara za ta iya lulluɓewa, da zarar an wuce ta fentin ya koma soso. Garin da ya biyo tafin hannuna a Hayin Dogo kalsiyam ne da bai samu abin riƙe shi ba.

Mai haɗawa ba lallai mugu ba ne. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, ita kuwa madarar, ko dai ita kanta ko sinadaran da ake yin ta, daga waje take zuwa ta tashar jiragen ruwa. Mai gida yana son bokiti a farashin bara. Ɗan kwangila yana son ragi. Kalsiyam a ƙasar nan ake haƙo shi, ruwa kuma na rijiya ne. To wanne za a rage?

Yadda ake dama madarar

Abin da ya fi ɗaure mini kai da farko shi ne, yaya abin da aka dama da ruwa, ake wanke burushinsa da ruwa, zai bushe ya koma mai hana ruwa? Amsar tana cikin ƙwaryar nono. Man da ke cikin madarar shanu bai narke a ruwa ba, yawo yake yi a cikinsa a matsayin mitsi-mitsin ɗigo. Shi ya sa in Bafulatana ta kaɗa, ɗigon ya haɗu ya dunƙule ya zama man shanu, wanda ruwa ba ya kama shi. Haka farin ruwan da ke fita in an karya reshen tumfafiya, haka kuma na itacen roba da ake tsagawa a Edo da Delta: ƙwayoyi ne masu ƙin ruwa suna shawagi a cikin ruwa. Madarar fenti kwaikwayon wannan ce, sai dai a tukunyar gilashi ko ta ƙarfe ake yin ta.

Kayan haɗin huɗu ne a gindi. Akwai ruwa, amma tataccen da aka cire wa gishiri, domin ruwan rijiya ko na burtsatse yana iya tsinke haɗin kamar yadda tsami ke tsinke madara. Akwai monoma, wani ruwa mai kama da fetur, mai wari mai kaifi, mai saurin kama wuta, wanda ƙananan ƙwayoyinsa ne za su sarƙe da juna dubbai su zama polima. Akwai sabulu na musamman, ɗan'uwan wanda ke cikin omo da shamfu. Sai kuma ɗan gishirin fasalfet, wanda shi ne ashanar da ke kunna aikin.

A ɗakin gwaji, ɗalibi zai kafa tulun gilashi mai baki huɗu a cikin baho na ruwan zafi. Baki ɗaya na farfelar juyawa, ɗaya na ma'aunin zafi, ɗaya na bututun da ke mayar da tururi, na huɗun kuma ta nan monoma zai riƙa ɗiga. Ana hura iskar naitirojin don ta kori iskar da muke shaƙa, saboda ita tana kashe aikin tun bai kankama ba. Sabulun da ke cikin ruwa yana taruwa ƙungiya-ƙungiya, kawunansa masu son ruwa a waje, wutsiyoyinsa masu son mai a ciki, ya zama kamar ƙananan ɗakuna. Monoma na kutsawa cikin ɗakunan nan. Idan zafi ya kai wajen digiri 80, fasalfet ya fashe, gutsattsarinsa su shiga ɗakunan su kunna sarƙar. A wannan lokacin ne ake ganin abin da duk wanda ya taɓa yin aikin ba ya mantawa: ruwan da ke fari-fari sai ya ɗauki wani shuɗi-shuɗi a gefen gilashi, kamar madarar da aka yaɗe wa mai. Alama ce ƙwayoyin farko sun samu, kuma ƙanana ne yadda ake so.

Daga nan sai haƙuri. Ana ɗiga sauran monoman a hankali na awa 3 zuwa 4, don aikin da kansa zafi yake fitarwa, in aka juye gaba ɗaya tukunya na iya tafasa ta yi ambaliya. Farfela kuma ba ta tsayawa. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, ba janareta a kusa, ƙwayoyin su manne da juna, aikin yini guda ya koma curin cingam a jikin farfela. Duk wanda ya yi karatun kimiyya a ƙasar nan ya san irin wannan baƙin cikin. In komai ya tafi daidai, a huce, a ɗiga amoniya don a kashe tsamin, a tace da ƙyalle. Abin da aka samu kusan rabi polima ne rabi ruwa, amma yana zuba kamar madara. Ƙwayoyin kuwa, faɗin kowace bai wuce nanomita 100 zuwa 300 ba. Sai an jera ɗari uku ko fiye kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya.

Sirrin hana ruwan yana wajen bushewa. Da aka shafa a bango, ruwa ya fara tashi, ƙwayoyin su matso kusa da juna kamar ƙwai a kwando. Ruwan da ya rage a tsakaninsu yana janyo su da ƙarfi har su lotse, su cike gurabe, daga bisani sarƙoƙin wannan ƙwaya su ratsa cikin na waccan, iyaka ta ɓace. An samu fata guda ke nan, wadda ruwa ba zai sake mayar da ita madara ba. Fenti yana bushewa a taɓa cikin awa ɗaya ko biyu, amma wannan sarƙewar ta ciki tana ɗaukar kwanaki, shi ya sa ruwan saman da ya doki sabon fenti a daren farko yake yi masa illar da ba ta gyaruwa.

Gwanintar mai dama madara tana wajen zaɓen monoma. Wani in ya zama polima tauri gare shi kamar gilashi, ba ya laushi sai zafi ya kai digiri 100 ko fiye, irin su sitayirin da metil metakirilet. Wani kuma, butil akirilet, danƙo ne mai laushi ko a cikin ƙanƙara, sai sanyi ya kai wajen digiri 54 ƙasa da sifili yake sandarewa. In tauri ya yi yawa ƙwayoyin ba za su lotse su haɗu ba, fentin ya bushe ya tsattsage. In laushi ya yi yawa bango ya riƙa danƙo, ƙurar hunturu ta manne masa ya yi dauɗa. Ana gauraya su ne a nemi tsakiya, kuma tsakiyar da ta dace da Jamus ba lallai ita ce ta dace da garin da bangonsa ke gasuwa a watan Afrilu, ya sha ruwan da ya kai milimita 1,000 a damina, sannan ya shiga busasshiyar iskar Disamba ba.

Sai matsalar PVA, wadda ita ce madarar da ta fi yawa a hannun ƙananan masu haɗawa saboda sauƙin kuɗinta. A cikin ɗaki ba ta da laifi. Amma siminti yana da kaifi irin na toka da kanwa, sabon filasta ma ya fi, kuma idan danshi ya haɗu da wannan kaifin yana cin PVA a hankali ya mayar da ita wani abu mai narkewa a ruwa. Fentin da aka yi don ɗakin kwana in aka kai shi bangon gabas, an tura shi yaƙin da ba nasa ba. Waje na akirilik ne, ko aƙalla gaurayen sitayirin da akirilik, duk da shi wannan na biyun rana tana cin sa da shekaru. Har sabulun da aka dama madarar da shi yana da nasa sharrin: yana nan a cikin fatar bayan ta bushe, yana jan ruwa. Shafa madara a gilashi, bari ta bushe ta yi garau, ka ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma ka kwana. In ka tarar wurin ya koma fari, ruwa ya samu hanya.

Daga majema zuwa bango

Tarihin wannan madarar ya ratsa ta majema, abin da ya kamata ya ja hankalin mutanen Samaru. Wani Bajamushe, Otto Röhm, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan sarƙewar sinadaran akirilik a 1901. A 1907 shi da abokinsa Otto Haas suka kafa kamfani, amma ba fenti suka fara sayarwa ba, maganin laushin fata ne na majema, wanda ya maye gurbin kashin kare da Turawa ke jiƙa fata a ciki. A shekarun 1930 kamfanin ya fito da madarar akirilik don shafe fuskar fatar da aka jeme, ta yi sheƙi, ta jure lanƙwasa, ta ƙi ruwa. Yaƙin duniya na biyu ne ya faɗaɗa fasahar, lokacin da Japan ta mamaye gonakin roba na Malaya a 1942, Amurka ta koma yin robar taya a masana'anta ta wannan hanya ta damawa cikin ruwa. Masani William Harkins ya bayyana yadda abin ke faruwa a ɗakunan sabulu a 1947, Smith da Ewart suka sa masa lissafi a 1948. Da yaƙi ya ƙare aka juya ga bango, fentin ruwa ya shiga kasuwa a ƙarshen shekarun 1940, sannan a 1953 kamfanin Rohm and Haas ya kawo madarar akirilik zalla ta fenti.

To ga Samaru. Cibiyar nazarin fata da kimiyya ta ƙasa, NILEST, wadda tushenta ke komawa 1964, a nan take, kuma shafe fata da irin wannan madarar yana cikin abin da ake koyarwa a fannin. A Basawa akwai NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai da aka kafa a 1988. Jami'ar Ahmadu Bello, tun 1962, tana da sashen kimiyyar sinadarai, da na injiniyan sinadarai, da kuma sashen da ya faro da nazarin saƙa da yadi ya faɗaɗa zuwa polima. Duka ukun a ƙaramar hukuma ɗaya suke da kasuwar Sabon Gari, kuɗin adaidaita ne kawai a tsakaninsu. A iya fahimtata babu wani gari a Arewa da ya tara masu sanin wannan ilmi a wuri guda kamar nan. Amma yaron da ke juya durom da muciya bai taɓa taka ƙofar ɗakin gwaji ba, ɗalibin da ya kwana yana gadin tulun gilashi kuma kundinsa na kan kanta yana shan ƙura. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Na san akwai abin da ya fi ƙarfin Zariya. Monoma daga man fetur da gas ake samunsa, kuma duk da arzikin man da muke da shi, ba a sarrafa shi zuwa akirilik a gida. Firofilin da ake buƙata yana fita a Eleme da matatar Dangote, amma robar buhu da kujera ake yi da shi. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an ƙara mata sashen yin uwar sabulun omo a 1988, ga ta nan ba nisa da Zariya ta shafe shekaru a kwance. Ajiye monoma kuma ba wasa ba ne a garin da ke zafi irin namu. Yana iya fara sarƙewa da kansa a cikin ganga ya fashe, don haka ba aikin bayan shago ba ne, kada wani ya karanta wannan ya ce zai gwada a gida. Duk da haka a duba lissafin: kowace gangar madara da tirela ta ɗauko daga Legas, tafiyar fiye da kilomita 800, rabinta ruwa ne aka biya wa kuɗin mota. Ƙaramar masana'anta mai tukunyar ƙarfe ta tan ɗaya ko biyu, a hannun waɗanda suka san aikin, da wutar da ba ta yankewa, ba mafarki ba ce.

Kafin a kai can ma akwai abin da ba ya buƙatar ko ganga ɗaya ta monoma. Auna yawan madarar da ke cikin fenti, da gwada sau nawa za a goge shi da jiƙaƙƙen burushi kafin bango ya bayyana, aiki ne da kowane ɗayan ɗakunan gwajin nan zai iya. Da mai haɗa fenti zai kai kwalba ɗaya a auna masa a kan kuɗi kaɗan, a ba shi takarda, a rubuta a jikin bokiti da Hausa cewa wannan na ciki ne, wannan na waje, da an raba gardama. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana da ƙa'idojin fenti, amma ƙa'idar da ke Abuja ba ta isa cikin durom sai an samu mai kai ta. Mai gaskiya a cikin masu haɗawa shi ya fi kowa asara a yanzu, domin ba shi da hanyar nuna cewa nasa ya fi, tunda karan da ake tsomawa ba ya bambance su.

Abin da magina suka riga suka sani

Maganar mahaifiyarmu a kan makuba ba ƙauna ce ta tsohon zamani kawai ba. Magina a ƙasar Hausa sun daɗe da gane cewa ƙasa ita kaɗai ba ta tsayawa gaban hadari, sai an ba ta abin riƙo. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a jiƙa shi har ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, a kwaɓa ƙasar yaɓe ko ta daɓe da shi. Laso kuma haɗi ne na katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da yauƙin dafara. A duba da kyau za a ga tsarin fentin yau ne: katsi shi ne gari, dafara ita ce manne, gashi kuma shi ke hana tsagewa. Da laso ake shafe rufin soro, da shi ake shafe cikin ramin rini, ramin da ke riƙe ruwan baba shekara da shekaru. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ya ga damina fiye da ɗari a ƙarƙashin irin wannan kulawa kafin a kewaye shi da ginin zamani.

Ba ina cewa a koma makuba a bar akirilik ba. Makuba sai an riƙa sabunta ta, kuma itatuwan ɗorawa suna ƙarewa a hannun masu gawayi. Ƙaro ma, da muke da shi a Yobe da Borno da Jigawa har duniya na saye, polima ne na Allah da Annabi, amma mai son ruwa ne. Shi ya sa ake sa shi a tawada, almajiri ya rubuta allo ya wanke. Haka sitacin rogo. Masu bincike a jami'o'in ƙasar nan sun sha gwada ɗaura irin waɗannan da monoma, ko sarrafa man angurya da na waken suya da na zurma su zama manne, don a rage abin da ake shigowa da shi. Hanya ce mai kyau, sai dai duk wanda ya ce ya samu fentin waje daga ƙaro ko sitaci zalla, a ce masa ya shafa a bangon gabas a dawo bayan damina biyu.

Darasin da ya fi girma a wajen magina shi ne bango yana numfashi. Yaɓen makuba yana tare ruwan sama amma yana barin danshin ciki ya fita. Fentin ruwa mai kyau haka yake: ɗigon ruwa ba ya shiga, tururi kuwa yana ratsawa. Wanda ya shafe ginin ƙasa da siminti ko fentin mai, ya kulle danshi a ciki, tubali ya jiƙe a ɓoye, wata rana cikin marka bango ya zauna gaba ɗaya. Haka kuma babu madarar da za ta yi maganin ruwan da ke tasowa daga ƙasa. Unguwanni da yawa a Samaru da Sabon Gari, musamman na kusa da fadama da bakin rafin Kubanni, ruwa ba shi da nisa a damina. In ba a shimfiɗa leda a kan harsashi ba lokacin gini, bulo zai riƙa tsotson ruwa kamar lagwani, ya hau da gishiri, gishirin ya bushe a bayan fenti ya tunkuɗo shi. Farin busa-busan da ake gani a gindin bango ke nan. A nan laifin ba na mai fenti ba ne, na ranar da aka zuba harsashi ne.

Akwai kuma gaggawa irin tamu. Sabon filasta yana son wajen mako huɗu kafin a shafa masa komai, don ya bushe kaifinsa ya ragu, amma biki ya matso, ko mai haya na jira. A tsakiyar hunturu kuma, ko da rana tsaka a bazara, busasshen bango da iska suna zuƙe ruwan fenti kafin ƙwayoyin su gama jeruwa. Sai lebura ya ƙara ruwa a bokiti don rola ta yi gudu, bokiti ɗaya ya koma ɗaya da rabi, madarar da da ma ba ta isa ba ta ƙara tsinkewa.

Namu bangon, da damina ta ɗauke a ƙarshen Oktoba muka kankare shi tas har filasta, muka bar shi ya sha iska mako uku. Wannan karon na tsaya a kan mai haɗawar, wani dattijo mai haƙuri, na roƙe shi ya nuna mini gangar madarar kafin ya zuba, na biya kuɗin akirilik ɗin daban. Ya ɗiba kaɗan ya shafa mini a bayan hannu. Da ta bushe na ɓare ta, ta miƙe kamar fatar balan-balan ba ta tsinke ba. Aka fara shafa ta tsululu a matsayin share fage, sannan fenti hannu biyu, da sassafe, kwana ɗaya a tsakani. Damina biyu ke nan saman bangon bai motsa ba, in ruwa ya doke shi sai ya gangaro ɗigo-ɗigo. Layin bulo biyu na ƙasa kuwa har yanzu suna fitar da gishirinsu duk watan Satumba, don harsashin gidan ba shi da leda. Waɗannan mun bar su ba fenti, mun haƙa ƙaramar kwata a gindinsu muka cika da tsakuwa, muka ƙara wa indararo tsawo don ruwan rufi ya riƙa zuba nesa da bango.